Ƙishirwar Duna

Shekara bakwai Duna tana gadin rumfarmu ta goro a Zangon Agege, amma ba mu san ta da komai ba sai haushi. Mako shida bayan wucewar lokacin barbararta, ta ƙi cin tuwo, ta koma shan ruwa kamar rairayi, cikinta ya kumbura. Muka ce ai juna biyu ne.

Sai da ta kasa tashi muka sa ta a baro zuwa wurin wani likitan dabbobi, maƙwabta suna ta dariya, wai Musulmi da jinyar karya! Likita ya ce mugunya ce ta cika mahaifarta, bakin mahaifar kuma a rufe. In ta fashe, guba ta bi jini, sai mutuwa. A daren aka yi mata ƙarin ruwa, aka yi tiyata, aka cire mahaifar ɗungurungum. Bayan kwana 14 aka zare ɗinki, haushi ya dawo.

Tun muna yara muka ji hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare. Mu kuwa ƙishirwar ta yi mako guda a ƙofarmu, ba mu tambayi dalilinta ba.