Uwargida, kafin ki ce a kawo wuƙa

'Yar'uwa, na san yadda kaza take a wurinki, don ni ma ina kiwo a gidana a Utai. Ita ce asusunmu: kuɗin littafin yara, kuɗin magani, miyar baƙon da ya sauka babu sanarwa. Shi ya sa da mun ga wata ta takure, fikafikai a sake, sai mu ƙwala wa yaro kira: "Maza kai wa Babanka ya yanka kafin ta yi mushe!" A kan wannan gaggawar nake so mu tattauna.

Sau da yawa ƙwai ne ke fara ba da labari. Idan kaza ɗaya ta saki ƙwai mai taushin ɓawo, kada hankalinki ya tashi. Sabon fara ƙwai, zafin bazara ko ƙarancin sinadarin ƙashi a abinci duk suna jawo haka. Ki gasa ɓawon ƙwai, ki daka, ki zuba musu a dusa. Amma in kaji da yawa suka rage ƙwai lokaci guda, wanda suke yi kuma ya fito a karkace ko babu ɓawo, sannan kika wayi gari da gawa a akurki, to annoba ce ta shigo.

A hunturun bara wata maƙwabciyata ta sayo kaji biyu a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ta sake su cikin nata. Kafin Juma'a ta zagayo biyu, akurkin ya koma kango. Sun yi koren kashi, numfashi da ƙyar, wasu wuyansu ya murɗe. Irin alamun cutar Nukasil ke nan, wadda ke share kajin gida lokacin sanyi. Ta ɓare musu kafso a ruwa, a banza, domin maganin ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa bairos.

Abin da ke tayar min da hankali a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne, murar tsuntsaye ma haka take zuwa, ido kuma ba ya iya raba su. Ita wannan tana iya kama mutum. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, ta kuma shigo Kano. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas, a 2015 ta sake ɓulla a gonakin Kano. Ba kasafai take tsallakowa jikin mutum ba, amma in ta tsallako tana da tsanani. Hanyarta kuwa ita ce jini, kashi da ƙurar gashin kaza wajen yanka da figa. Wa muke ba figa a gidajenmu? Yaranmu. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe cuta.

Don haka in kaza ta mutu farat ɗaya, ki sa leda a hannu ki ɗauka, a binne ta da zurfi, kada a jefa bola karnuka su ja. Ki wanke hannu da sabulu, ki hana yara zuwa akurkin, a sanar da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kada ki kwashi sauran ki kai kasuwa. Asarar ce za ki miƙa wa wata uwa irinki. Duk wanda zazzaɓi da tari suka kama bayan ya taɓa su, a kai shi asibiti, a kuma faɗa mana zancen kajin.

Sabuwar kaza ta yi mako biyu a ware kafin ta shiga cikin naki. Nukasil kuma tana da rigakafi mai sauƙi, na ɗigawa a ido, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi. Ku haɗa kai da maƙwabta a yi wa kajin unguwa tun kafin sanyi ya sauko.

Allah Ya tsare mana iyali, Ya sa albarka a kiwonmu.