Bindigar ƙugu: da sakata ko babu?

1/ Jama'a, akwai gardamar da masu yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye a Amurka suka kasa gamawa: ta zama mai sakatar da ake turewa da babban yatsa kafin a harba, ko marar ita?

2/ Glock ba ta da sakata. Da ka ja kunama, kariyarta ta saki. Masoyanta cewa suke in tsoro ya kama ka, hannu na rawa, kafin ka tuna sakata an gama da kai.

3/ To amma ga Plaxico Burress, ɗan ƙwallon Amurka. A 2008, a wani gidan rawa a New York, Glock ɗinsa ta zame daga ƙugu, ya kai hannu zai cafke, ya harbi cinyarsa. Har gidan yari ya je.

4/ Sojojin Amurka ma da suka zaɓi SIG Sauer a 2017, mai sakata suka ɗauka.

5/ Ni dai ina bayan sakata, amma a yi ta atisaye har yatsa ya saba, kuma a sa ta cikin kuben da ya rufe kunama. Ɓarawo wata rana yake zuwa, cinyarka kuwa kullum tana kusa da bakin bindigar.