Yinin da muka yi a kurmi, a bayan jirgin kaya

Duk wanda ya saba bin jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere ya san ba a yi wa mutanen gida alkawarin lokaci. Iyakarta ka ce musu sai gobe in Allah ya yarda. Jirgin yakan tashi da magariba, in an yi sa'a ya shiga Ngaundere da hantsi, bayan tafiyar kilomita 622. Na daɗe ina bin wannan hanya, na kuma sha makara a kanta, amma makara ɗaya ce har yau ba ta sake ni ba, ita ce ta watan Agusta na 2009.

Ran wata Lahadi ina shagona a Briketeri, unguwar Hausawa ta Yawunde, sai uwargidan yayana ta bugo mini waya. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Yayanka yana kwance, kuma sunanka yake ta kira. Ka zo." Wannan yaya nawa shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makarantar allo, shi ya ba ni jarin farko. Amma a lokacin mun yi shekara 3 ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar salla, saboda wani kangon gida na gado da ya sayar bai shawarce ni ba. A kan haka na faɗa masa maganar da bai kamata ƙane ya faɗa wa wansa ba.

Na ce mata ina nan tafe. To, amma ina jiran dilar atamfa daga Duwala, sai na ce a raina bari in karɓi kayan tukuna. Ban shiga jirgi ba sai ran Laraba.

Mai karatu zai ce me ya hana ni bin mota. A wancan lokaci ba a gama zuba kwalta tsakanin Garwa-Bulai da Ngaundere ba, ga shi kuwa tsakiyar damina. Mai hankali ba ya barin jirgi ya shiga wannan taɓo.

Mun tashi lafiya. Muka wuce Obala, muka wuce Nanga-Eboko, mata na bin tagogi da ayaba da abarba da tuwon rogo naɗe cikin ganye, kowa na ciniki cikin duhu. Na sayi abarba biyu don Yaya yana sonta. Tsakar dare muka bar Belabo, inda hanya ke rabuwa da garuruwa ta nutsa cikin kurmi, barci ya ɗauke ni a kan kujera. Shiru ne ya tashe ni. Jirgi yana tsaye a wata 'yar tasha mai ɗaki ɗaya da fitila ɗaya, ba ka jin komai sai kukan kwaɗi da na wani jariri.

Da farko ba wanda ya damu. Hanyar nan, wadda ta isa Ngaundere a 1974, layi ɗaya ce tal, jirgi biyu ba sa giftawa sai a tasha, inda aka yi ɗan reshe don ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce. Saboda haka tsayuwar rabin awa ba labari ba ce. Muka sauka muka yi sallar asuba a kan tsakuwa. Gari ya waye, rana ta fito, jirgi bai motsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a ranar ba tsayuwar ba ce, rashin mai faɗa mana gaskiya ne. Ka tare ma'aikaci ka tambaye shi, ya ce yanzun nan, ya wuce. Wani ya ce gada ce ta karye, wani ya ce 'yan fashi ne, har mata suka fara tura 'yan kunnensu cikin ɗaurin zane. Sai wajen ƙarfe 9 wani dattijo mai duba birki ya tsuguna kusa da mu yana cin goro, ya ce jirgin kaya ne da ya riga mu tashi, kansa ya mutu a kan hawa tsakanin wannan tasha da ta gaba. Ga taragai masu nauyi, siminti da fulawa da kwantenoni na Cadi. Sai an turo wani kai daga nesa ya ja shi zuwa reshe, kuma shi ma wannan kan a kan layin nan ɗaya zai biyo. Da an faɗi haka tun asuba, da kowa ya san yadda zai yi tattalin ruwansa da guzurinsa.

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Njamena da ke kujerar gabana ya yi dariya, ya ce watakila ma kayansa na cikin jirgin da ya tare mu. Ban ga abin dariya ba a lokacin. Amma gaskiya ce, mu 'yan kasuwa mu ne masu jirgin kaya. Abin da ya sauka a tashar ruwa ta Duwala zai tafi Garwa ko Marwa ko Cadi, da yawansa a kan wannan layi yake hawa, shanu da auduga da katako kuma su gangaro ta kansa. Ranar da kayanmu ke ciki addu'a muke yi masa.

Kafin azahar ruwa ya ƙare a taragu, bayan gida ya zama ba shiga. Gorar ruwa ta dala 100 ta koma jaka guda. Mutanen ƙauyen suka fito da dafaffen rogo da gyaɗa, nan da nan aka wawashe. Ni ba yunwa ce ta dame ni ba, waya ce. Ba rezo ko ɗigo. Akwai wani suri a bayan tashar, aka ce in ka hau kansa ana samu, muka yi layi muna hawa ɗaya bayan ɗaya, manya da mu, kowa ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Sau uku ina hawa ban samu ba.

Wata Hajiya mai tafiya Marwa bikin jikarta ta lura da ni. Ta ce, "Ɗana, tun safe ba ka sa komai a bakinka ba. Lafiya?" Na gaya mata yayana ne ba lafiya. Ta miƙo mini dambun nama a takarda, ta ce, "Yaushe aka aiko maka?" Na ce jiya. Ban san lokacin da ƙaryar ta fito ba. Ta ce, "To ai ka yi naka, saura na Allah." Na karɓi dambun na kasa ci.

Bayan la'asar muka ji ƙugi daga nesa, yara suka yi ta tsalle. Sai da aka ƙara kusan awa guda kafin taragunmu ya girgiza. A tasha ta gaba muka wuce shi a raɓe a kan reshe, dogo, shiru, mutane na leƙowa ta taga suna zaginsa kamar yana ji. Muka wuce Ngaundal da duhu, masu zuma na ta kira, ban ko ɗaga kai ba.

Dare ya raba kafin in shiga gida. Uwargida ta tare ni a zaure da fitila. Ta ce, "Har azahar yana magana. Ya ce a dama fura a ajiye maka, jirgi na shigowa da hantsi." Da la'asar bakinsa ya rufe.

Na shiga na durƙusa a gaban gadon, na kama hannunsa. Na ce, "Yaya, ni ne. Na zo. Ka yafe mini." Idonsa a buɗe yake. Na ji kamar yatsunsa sun ɗan matsa nawa, amma ba zan rantse ba. Ya rasu ran Asabar da asuba, bai sake cewa komai ba.

A zaman makoki duk wanda ya zo gaisuwa sai an ba shi labarin jirgin kaya. Mutane su girgiza kai, su ce wannan jirgi ya cuci bawan Allah, da ya same shi da bakinsa. Ni ma haka na riƙa faɗa, na yi shekaru ina faɗa. Mutum ɗaya ce ta san ran da aka bugo mini waya, kuma ko sau ɗaya ba ta gyara wa kowa labarin ba. In an fara, sai ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Dilar atamfar kuwa na tarar da ita a shago inda na bar ta. Ta yi wata biyu a wurin kafin in kwance ta.