Hattara da Masara Mai Fumfuna

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in faɗakar da 'yan'uwana na Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe. Masara takan nuna tun ruwa bai ɗauke ba, sai in ga ana zuba ta rumbu da sauran danshi, ta yi fumfuna, a niƙa a tuƙa tuwo. To, fumfunar nan tana haifar da dafi, aflatoksin, mai cin hanta, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. A Kenya, cikin 2004, ya hallaka mutum 125. Ku shanya bisa tabarma har ta bushe ƙayau, ku tsince ruɓaɓɓiya ku binne. Malamai, ku karanta wa manoma.

Haza wasalam.

Wani Akawu, Dogon Daji.