Kamun Kifin Awa Uku A Bakin Tekun Ankara

MAI karatu, wannan karon ba lokeshin na je ba. A watan Janairun 2024 Hajiyarmu ta aike ni Ankara, babban birnin Gana, in duba yayanta wanda ya bar Kano tun kafin a haife ni. Saƙon ɗaya ne: in tambaye shi yaushe zai dawo gida.

Daga Legas muka ƙetare iyaka uku, ta Seme, ta Hilakonji da ta Aflawo, kafin na sauka a unguwar Nima. Nan fa Hausa ta ko'ina, sai dai irin tasu ta Zango. Da suka ji aikina, yara suka yanyame ni, kowa tambayarsa ita ce ko na taɓa gaisawa da Ali Nuhu. Shi kuwa Kawu, kwana uku ina gidansa, in ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Duk lokacin da na ɗauko zancen gida sai ya miƙe wai zai yi alwala.

Taubashina, babban ɗansa, shi ya ba ni sirrin. Ya ce, "Ɗan Kano, in kana son bakin tsohon nan ya buɗe, bi shi bakin ruwa." Na so mu je ran Talata, aka ce a'a, masuntan Ga ba sa taɓa teku a wannan rana, kuma Kawu ba ya saɓa wa al'adar masu gari. Sai Laraba bayan Asuba muka hau toro-toro, wato ƙaramar bas ɗinsu, zuwa gaɓar da ke gaba da Labadi.

Jama'a, wanda iyakarsa Tiga ko Bagauda bai ga ruwa ba! Ƙararsa kaɗai ta isa ta kaɗa maka hanji. Irin wannan su ba a shiga kwale-kwale. A kan yashi za ka tsaya da doguwar sanda mai kusan mita 4, da abin naɗe zare a gindinta. A ƙarshen zaren akwai ƙugiya biyu da dalma mai nauyi wadda ke nutsewa cikin yashi don kada igiyar ruwa ta dawo da ita. Koton kuwa jatan lande ne. Kawu ya nuna mini inda ruwan ya yi duhu, bayan wurin da igiyar ke fashewa. Ya ce nan ne kwari, nan kifi ke kiwo idan ruwa ya fara cikowa, shi ya sa muka yi sammako.

Jifana na farko a gabana ya faɗi. Na biyu na ji nauyi, na kama ihu, ashe tsohon wando na jawo haɗe da leda. Ina cikin kwance shi wata igiya ta zo ta dake ni har ƙugu, ta tafi da takalmina ɗaya. Taubashi har da faɗuwa don dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, ba a juya wa teku baya."

Wajen ƙarfe takwas kan sandarsa ya fara rawa. Ya miƙo mini, ya ce in naɗe a hankali, in bari igiya ta taya ni kawowa. Sai ga kifi fari sol, tsawon kamu biyu, irin wanda suke kira kifin rogo. Shi kenan abin da muka samu.

A nan, yana cire ƙugiya, na isar da saƙon Hajiya. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Da hannu biyu na fito, na yi alkawarin ba zan koma haka ba. Shekaru suka tafi, kunya ta hana ni." Na ce, "Kawu, ba kaya take jira ba, kai take jira." Ya ce in gaya mata bayan Babbar Sallah, in Allah ya yarda.

Da dare aka soya kifin, muka ci da dokunu da barkono, mu tara a kan kifi ɗaya. Washegari na kamo hanya da aron silifas. Hajiya kuwa, tun ranar da na dawo ta sa aka share ɗakin zaure.