Mentol da zafin rana: Magarya da filayen tsere na ƙetare

Mentol shi ne sinadarin da ke cikin ganyen na'a-na'a, wanda ke sa mutum ya ji iska na ratsa hancinsa da maƙogwaronsa. A fatar ɗan Adam da cikin bakinsa akwai jijiyoyi masu jin sanyi, kuma a bakin kowace akwai wata ƙofa da masana suka raɗa wa suna TRPM8. Takan buɗe idan zafin wurin ya sauka ƙasa da digiri 26 ko kusa da haka. Mentol na buɗe ta ko da ana tsakiyar bazara, sai ƙwaƙwalwa ta karɓi saƙon sanyi alhali jini bai huce ba. A 2002 aka gano wannan ƙofa a ɗakunan binciken David Julius da Ardem Patapoutian a Amurka, mutanen da suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021.

A gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka yanka daga jikin Magarya a 2011, mentol ba baƙon abu ba ne. Yana cikin shayin da samari ke dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi, ana ɗaga hannu ana tsiyayawa har kumfa ta hau. Yana cikin alewar Tom Tom da man Robb da ke shigowa daga Najeriya ta hanyar Ɓaɓura da Maigatari. Sai dai kasuwarsu a hunturu take ci. Uwa na shafa wa yaro man a ƙirji idan mura ta kama shi, a narka ɗan kaɗan a ruwan zafi a lulluɓa da zane a yi sirace, tsoho ya murza shi a gwiwa bayan isha'i. Idan mentol ya yi yawa a fata, raɗaɗi yake yi, shi ya sa da wuya a ga manomi ya neme shi da rana tsaka.

A Turai da Ostareliya da Japan kuwa, masu horar da 'yan tsere a lokacin zafi suke ɗauko shi. Suna haɗa ruwa mai mentol kaɗan ƙwarai, kashi 0.01 cikin ɗari, ɗan wasa ya guntsa, ya kurkure na kamar daƙiƙa goma, ya tofar. A wani gwaji da Toby Mündel da David Jones suka wallafa a 2010, an sa mutane tuƙa keke a ɗaki mai zafin digiri 34; da suka kurkure baki da mentol, sun ƙara jurewa da kusan kashi 9 cikin ɗari, numfashi ya yi musu sauƙi, amma zafin cikin jikinsu bai ragu ba. Batun ya ƙara ɗaukar hankali bayan gasar duniya ta Doha a 2019, inda mata 68 suka fara gudun famfalaƙi da tsakar dare, 28 suka kasa kaiwa ƙarshe saboda zafi da gumi. Kafin wasannin Olamfik na Tokyo, waɗanda aka ɗauke gudunsu na famfalaƙi zuwa Sapporo don gudun zafi, wani rukunin masana ya fitar da matsaya a 2020 kan yadda za a yi amfani da mentol ba tare da cutarwa ba.

Shafawa a fata ta fi kurkure baki matsala. Da jiki ya ɗauka sanyi ne, sai ya tsuke hanyoyin jini na fata, zufa kuma ta yi jinkirin tsattsafowa, zafi ya taru a ciki. Mutum na jin daɗi, jikinsa na dahuwa.

A nan ne hanyar ɗan tsere da ta manomi suka rabu. Ɗan tsere na ƙetare ba shi da ikon sauya lokacin gasa, don haka yake neman abin da zai rufe bakin gajiya na minti talatin ko awa guda, ga likita a gefe, ga ƙanƙara. Manomin Bande ko Waca ko Dogo-Dogo, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, lokaci yake juyawa. Sharar gona da asuba ake fara ta, kafin rana ta take an koma gindin gawo ko tsamiya, sai la'asar a sake fita. Kokawa bayan girbi ake yin ta, ƙwallo kuma da yamma lis. Abin da yake sha ma da gaske yake sanyaya jiki: ruwan randa, wanda ke hucewa saboda laimar da ke tsatsa ta jikin yumɓu tana bushewa, da fura da nono da ke mayar da ruwa da ɗan gishirin da zufa ta kwashe. Malafa da riga mai faɗi suna tare rana, suna barin iska ta busar da gumi.

Wannan tsari ya fi dacewa da aikin yini guda, domin jin zafi shi ne ke gaya wa mutum ya dakata. Wanda ke tura baro a kasuwa ko yake saran rake a fadama, idan ya danne wannan gargaɗi da mentol bai sha ruwa ba, yana iya wuce iyakar jikinsa bai sani ba. Shayi mai na'a-na'a ba shi da wannan haɗari a yawan da ake sha, kuma a busasshiyar iskar bazara abin sha mai ɗumi na ƙara zufa wadda ke bushewa nan take. Da damina ta kawo laima, wannan amfanin yakan ragu. Jiri, ciwon kai, ruɗewar magana ko ɗaukewar zufa alamun bugun rana ne. Mai su ana kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.