Shago a Jidda, da sunan wa?

A shirinmu na kiran waya na daren Laraba wani dattijo ya bugo daga Tibiri. Ɗansa na Jidda shekara biyu da bizar aiki, direban gida ne. Yaron ya iya ɗinki, yana son buɗe shagon tela, ya ce a saida gona a cika mishi jari. Baba na tambaya: ya saida? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa muka biyo da amsa nan.

Mu ƴan Maradi kasuwa a jininmu take. Yau ka kafa tebur, zancen patanti sai daga baya. Da wannan idon muke kallon kowace ƙasa, kuma nan ne muke faɗawa rami. A Saudiyya igamarka na ɗaure da wanda ya ɗauko ka da aikin da aka rubuta maka. Dokar ƙwadagonsu ta hana baƙon ma'aikaci yin sana'ar kansa. Sassaucin da aka yi a Maris 2021 na sauya ubangida ne, kuma bai shafi ƴan aikin gida da direbobin gida ba.

To mi yaranmu ke yi? Su samu ɗan ƙasa ya yi lasisi da sunansa, su zuba kuɗi, su riƙa ba shi wani abu duk wata. Larabawa na kiran wannan tasattur. Dokar 2020 ta sa mishi ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 5, baƙo kuma a koro shi. Amma mu ba hukuncin ya fi ba mu tsoro ba. Lasisi nasa, asusun banki nasa, har keken ɗinkin a takarda nasa ne. Ranar da kuka ɓata, wa za ka kai ma ƙara? Kanka za ka tona. In ya rasu, magada su raba shagonka kana kallo. Mun san wani a Jiratawa da ya jinginar da garkarsa ta noman rani kan irin wannan, ya sauka da leda ɗaya.

Hanyar halak akwai, rajistar mai zuba jari ko igama ta musamman, wadda ta dindindin riyal 800,000 ce, sama da miliyan 100 na sefa. Ba ta direba ba ce.

Washegari muka kira Baba. Muka ce: Baba, kar ku saida. In yana da abin da ya tara, ya aiko a sai keke a kama shago nan Maradi, a yi rajista da NIF da sunansa, ƙanensa ya riƙe kafin kwantaraginsa ya ƙare. Baba ya yi shiru, sannan ya ce yaron kunyar dawowa yake ji, tun da sa'o'insa sun yi gini. Ya ce zai sa uwarsa ta kira shi ran Juma'a, maganarta kaɗai yake ji.